Shekara uku ina riƙe da littafin aji a sashen nazarin halittu

Na wakilci ajinmu a sashen nazarin halittu na wata jami'ar gwamnati a Arewa tun daga aji biyu har muka fita. Kilas ref ɗalibai suke cewa. Shaida zan bayar a kan aikin kansa, domin duk shekara ana ɗaga hannu a zaɓi wani ko wata, a ɗora masa kayan ba tare da an kwance masa ƙunshin ya ga abin da ke ciki ba. Akasari mai ƙarfin murya ake zaɓa, ko mai jama'a. Abin da idona ya gani shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka faɗi kos a ajinmu suna da ƙwaƙwalwarsu daidai gwargwado. Suna ne ya ɓace a wata takarda, ko sanarwa ba ta isa kunnen mutum ba, ko ya gama zango cur bai taɓa kafa ido a maikiroskof, na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa, ba. Duk waɗannan wakili mai littafi da biro yana iya tare su tun daga nesa.

Kayan aiki na farko littafi ne mai kauri, irin mai bangon kwali. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, caji yana ƙarewa ana tsakiyar buƙata. A shafukan farko a rubuta kowa da kowa: cikakken suna yadda yake a takardar rajista, lambar rajista, lambar waya, da inda mutum yake kwana, cikin makaranta ko cikin gari. Lambar rajista ita ce gaba da komai. A ajin Arewa sunaye irin su Muhammad da Abubakar da Aisha da Fatima suna maimaituwa, wani kuma yau ya fara da sunan mahaifi, gobe ya fara da nasa. Malamin da ke shigar da makin mutum fiye da ɗari da daddare lamba yake bi, kuma alƙalami ɗaya idan ya karkace, makin wani ya koma gidan wani.

Sai a buɗe wa kowane kos shafinsa na daban saboda masu kari-oba. Su ne marayun aji. 'Yan ajin sama ne da suka dawo biyan bashin kos, ba sa cikin zauren WhatsApp ɗinku, wasu kunya ma ba ta barin su tambaya. Idan aka sauya ranar tes su ne na ƙarshen ji. Haka matan aure masu zuwa daga cikin gari, da waɗanda ƙaramar waya kawai suke riƙewa. Duk sanarwar da ta shafi maki, bayan an saka ta a zaure, a raba sunayen waɗannan ga mutum uku ko huɗu su kira su baki da baki.

Ga dalilin da ya sa nake nanata maganar takarda. Makin kowane kos kashi biyu ne: na aikin cikin zango, wato tes da asaimen da firaktikal, wanda wasu jami'o'i suke ba 30, wasu 40, sai ragowar na jarrabawar ƙarshe. A ma'aunin da muka yi karatu da shi, 70 zuwa sama A ce mai daraja 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1, ƙasa da 40 kuwa F, babu komai. A ɗauka ɗaliba ta ci 25 cikin 40 a aikin zango, ta ci 38 cikin 60 a jarrabawa. Haƙƙinta 63, wato B. Idan makin aikin zangonta ya ɓace, 38 ne zai fito a allo, F. A ce kos shida ta ɗauka, kowanne yunit 3, wato nauyin da ake ninka darajarsa da shi, jimla 18, ta samu B biyu da C uku a sauran. Da haƙƙinta ya fito, 63 za a raba da 18, ta tashi da 3.50, daidai bakin ƙofar digiri mai daraja ta biyu babba. Da F ɗin nan kuwa 51 za a raba da 18, ta faɗo 2.83. Ko ta sake kos ɗin baɗi ta ci A, sifilin farko yana nan cikin lissafin jimla har ranar fita.

Maganinsa ba wuya. Ranar tes a zagaya da takardar sa hannu, suna da lamba da sa hannu. Da an karɓi takardun amsa, wakili ya ƙirga su a gaban malam, adadinsu ya zo daidai da na masu sa hannu, ya rubuta adadin a ƙasa, ya ɗauki hoto kafin ya miƙa. Asaimen ma haka. Kada wakili ya yarda ya karɓi asaimen a bakin masallaci ko a kan hanya ba tare da mai shi ya sa hannu a littafi ba, don ranar da ta ɓace shi za a kama. Sannan mako biyu kafin jarrabawa ya roƙi kowane malami ya liƙa makin aikin zango a allo. Mafi yawansu suna yarda idan aka zo musu da ladabi. Kuskuren da aka gano a lokacin, da biro ake gyara shi cikin minti ɗaya. Idan sakamako ya riga ya bi ta zaman sashe da na tsangaya, majalisar jami'a ta amince da shi, sai an rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashe ta hannun malamin da ke kula da ajin, a haɗa da kwafin takardar rajistar kos da shaidar zama jarrabawa, kuma gyaran kan ci zango guda.

Rajistar kos ma tana da ramukanta. Ƙa'ida ita ce kada a gaza yunit 15, kada a wuce 24 a zango, kuma kari-oba ake fara sakawa kafin sababbin kwasa-kwasai. Wanda ya manta bai yi rajistar kos ba, ko ya zauna jarrabawarsa ya ci 80, babu inda za a shigar da shi. Irin wannan ne ake ganowa a aji huɗu, abokai su tafi bautar ƙasa, shi ya ƙara shekara a kan kos ɗaya na aji biyu. Da jadawalin jarrabawa na gwaji ya fito, wakili ya zauna da littafinsa ya duba ko akwai wanda kos ɗin ajinsa ya yi karo da na kari-obarsa, ya kai wa jami'in jarrabawa jerin a rubuce tun kafin a fitar da na ƙarshe.

Amma inda sashen nazarin halittu ya bambanta da sauran shi ne ɗakin gwaje-gwaje, kuma nan ne na fi ganin ana cutuwa ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Kayan aiki ba sa isa, sai a raba aji rukuni-rukuni, mutum goma ko fiye a kan maikiroskof ɗaya. Idan aka bar rukuni da kansa, mutum biyu masu zaƙewa ne za su riƙe komai, sauran su tsaya a baya suna kwafar zane. Sau da yawa mata ake mayarwa marubuta. Ranar jarrabawar firaktikal kuwa kowa shi kaɗai zai tsaya a gaban abin da aka ajiye, a ba shi minti biyu ko uku, a buga ƙararrawa ya matsa gaba. Don haka muka riƙa rubuta juyi a littafi: wanda ya shirya silaid, wato gilashin da ake ɗora abin dubawa a kai, wannan mako, mako mai zuwa shi ne zai saita madubi, na gaba ya yi zane. Kowa sai ya taɓa.

Kurakuran maikiroskof iri ɗaya ne duk shekara. Ana farawa da ƙaramin madubi, mai ninki 4 ko 10. A leƙa ta gefe a kusanto da shi ga silaid, sannan a sa ido a riƙa nesanta shi har hoto ya fito. Babban majuyi a nan kaɗai ake taɓa shi. Da an koma mai ninki 40 sai ƙaramin majuyi, in ba haka ba a ji ƙas, silaid ya fashe. Madubin da ake sa wa ido ninki 10 ne, don haka 10 sau 40, girman ya zama 400, kuma wannan lambar dole ta fito a ƙarƙashin zane. Idan fatar albasa ake dubawa, siririn nan na cikin ɓawo ake ɓarewa, a shimfiɗa kada ya naɗe, a ɗiga aidin ɗigo ɗaya, a jingina murfin gilashi a karkace a sauke shi a hankali. Wanda ya sake shi tim, iska za ta maƙale, ya ga zobba masu baƙin gefe ya zana su da sunan ƙwayoyin halitta. Mai ninki 100 shi kaɗai ake sa wa mai, a goge da takardar goge madubi da an gama. Idan man ya shafi mai ninki 40 ya bushe, rukunin da zai biyo baya hazo kawai zai gani. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, da damina kuma laima, don haka a mayar da rigarsa kafin a fita. Tsofaffin nan masu madubin haskawa kada a raina su: ranar da aka ɗauke wuta su ne suke aiki, a kai su bakin taga kawai.

Rinin Giram, wanda ake raba ƙwayoyin bakteriya gida biyu da shi, shi ma wuri ɗaya yake ɓaci. A shafa ƙwayar siriri a silaid, a bari ta sha iska ta bushe, a ratsa ta ta harshen wuta sau biyu ko uku. Kiristal bayolet, rinin shunayya, minti ɗaya, a ɗauraye. Aidin minti ɗaya, a ɗauraye. Alkohol daƙiƙa 10 zuwa 20, a ɗauraye nan take. Safaranin, rinin ruwan hoda, rabin minti zuwa minti. Matakin alkohol ɗin nan ne matsalar: wanda ya tsaya hira ya wuce lokaci, har masu riƙe launin shunayya za su sake shi, komai ya fito ruwan hoda, ya rubuta sakamakon da ba shi ba ne. Shafi mai kauri kuma akasin haka yake jawowa. Kowane rukuni ya ware mai riƙe agogo. Abincin da ake shuka ƙwayoyin a kai, nutiriyen aga, giram 28 ne a lita ɗaya ta ruwa kamar yadda yake a jikin gwangwaninsa, a dafa a otokilef, tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi, digiri 121 na minti 15, a bari ya huce har hannu ya iya riƙe kwalbar sannan a zuba. A gindin faranti ake rubuta suna, domin murfi yana musanyuwa, kuma a kife ake ajiye shi a digiri 37 kwana ɗaya, kada gumin murfi ya ɗiga ya haɗe tsiron.

Mutanen da suka fi kowa sanin duk wannan su ne ma'aikatan ɗakin gwaji, waɗanda wasu ɗalibai suke wucewa ko gaisuwa babu. Dattijon da ke namu Baba muke ce masa. Kwana biyu kafin firaktikal wakili ya je ya gaishe shi, ya ce, Baba, me za mu zo da shi, me ke akwai, me ya ƙare? Ba a fafe gora ranar tafiya. Tarwaɗa da karfasa da safiyar ranar ake sayowa a kasuwa, tarwaɗar da ranta. Kwaɗi da damina ko'ina suke, da rani sai an bi bakin dam ko lambu. Abin da za a ajiye, a fomalin mai kashi 10 ake sa shi, awo ɗaya na mai ƙarfin da awo tara na ruwa. Warinsa yana cin ido da hanci, a buɗe tagogi, a sa safar hannu, mai juna biyu ko mai asma kuma a sanar da malam a asirce tun kafin a fara.

Karatun taimakon juna, tutoriyal, ya fi amfani idan aka gane ainihin ciwon. Da yawa daga cikinmu makarantun gwamnati muka fito, Turanci ne yake tare hanya, ilimin kuwa yana shiga da zarar an faɗe shi da harshen gida. Tsarin da ya yi mana aiki shi ne a yi bayani da Hausa har kowa ya gane, a maimaita da Turanci saboda waɗanda ba sa jin Hausa, sannan kowa ya rufe littafi ya rubuta amsar da Turanci, a musanya takardu a gyara wa juna. Matakin ƙarshen nan shi ake yawan tsallakewa, alhali da shi ake cin jarrabawa. Rukuni kada ya wuce mutum goma sha biyar, a tara tsofaffin tambayoyin shekara biyar a jera su bisa maudu'i, a ga inda malam yake yawan komawa.

Sunayen kimiyya mun haddace su ne a gindin itatuwan, muna zagaya makaranta. Kuka ita ce Adansonia digitata, ɗorawa Parkia biglobosa, tsamiya Tamarindus indica, aduwa Balanites aegyptiaca, darbejiya Azadirachta indica, gawo kuwa, wanda yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, Faidherbia albida. Kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, a ja wa kowacce layinta a ƙasa idan da hannu ake rubutu. Maki yana zubewa a nan kamar yadda yake zubewa a zane: fensir mai tsini, babu inuwa, layukan nuni da rula kuma kada su gitta juna. Darasin gadon halitta ma da sikila muka buɗe shi, domin babu wanda bai san gidan da take ba. Mai AS ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. A kowane ciki, ba wai cikin 'ya'ya huɗu dole ɗaya ba. Wanda ya gane wannan ya gane rabon Mendel na 3 da 1, daga nan 9:3:3:1 ba ya ba shi tsoro, kuma lissafin kai-sikwaya, inda ake gwada abin da aka samu da abin da ake tsammani, sai ya zama abu mai ma'ana a wurinsa.

Kuɗi shi ne yake zubar da mutuncin wakilai. Na hoton takardu, na kifi, na motar fita daji. Kafin a karɓi ko sisi a faɗi farashi a gaban aji, kowa ya biya ya sa hannu, a ajiye rasit, a saka lissafi a zaure cikin kwana biyu, canjin da ya rage a faɗe shi ko naira hamsin ce. Mutum biyu su riƙe lissafin, mace da namiji. A kowane aji akwai wanda ba shi da shi kuma ba zai faɗa ba. Idan aji ya amince a ɗan ƙara wani abu a kan kowa, sai a rufa masa asiri ba tare da an ambaci sunansa ba. Lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara a 2024, muna gab da fita, kuma na baya su sani ana neman lambar JAMB da NIN da BVN, don haka mai bambancin suna a takardunsa ya gyara tun wuri.

Kai kuka wajen malamai yana da tsani. Malamin kos tukuna, sai mai kula da aji, sai shugaban sashe. Wanda ya tsallake mataki ya tara wa ajinsa gaba a banza. Ba a zuwa da taro, mutum biyu sun isa. A yi sallama, a gaisa, a ce, Malam, ko Dakta, aji ne suka aiko mu, sannan a kawo magana ɗaya tare da mafita: lakcar ƙarfe ɗaya ta Juma'a ta ci karo da masallaci, ga ɗaki kaza babu kowa ranar Talata ƙarfe huɗu, mun duba. Haka za a kula da Lahadi saboda 'yan'uwanmu Kirista, da yammacin azumi saboda masu komawa cikin gari. Akwai kuma maganar da ta fi ƙarfin wakili. Idan ɗaliba ta zo da ƙorafin ana matsa mata da neman lalata a kan maki, kada ya kai zaure, kada ya tunkari wanda ake zargi, kada ya ce zai sasanta. Ya taimaka mata ta adana saƙonni da ranaku, ya raka ta ofishin kula da harkokin ɗalibai ko wajen wata malama da ta amince da ita, kuma bakinsa ya yi shiru.

Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da aka dawo zango ya takure, lakcoci suka hau kan juna, wasu sun yi aure, wasu sun kama sana'a, wasu lambobinsu sun daina shiga. Littafin nan ne ya sa muka iya bin sawun waɗanda ba su dawo a makon farko ba, ta hanyar 'yan garinsu.

Horon sanin makamar aiki, SIWES, a sashenmu wata shida ne a aji uku. A nemi takardar gabatarwa tun zangon da ya gabata, domin wuraren da ake koyon aiki sosai suna cika da wuri: ɗakunan gwajin asibitoci, hukumomin ruwa, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, ta lafiyar dabbobi a Vom, ta kifin ruwan daɗi a New Bussa, ta cutar sammore a Kaduna. Littafin aiki kullum ake cika shi, a sa hannu duk mako.

Furojet, binciken kammala karatu na aji huɗu, kuwa da yanayi yake tafiya, kuma nan wakili zai yi wa aji babban amfani idan ya matsa a raba malamai masu duba aikin da wuri. Mai nazarin tsutsar sauro ko ciyayi yana buƙatar damina. Idan taken aikinsa bai fito ba sai Nuwamba, kududdufai sun ƙafe. Mai binciken tsargiya a makarantun firamare, ko duk abin da ya shafi jini da fitsarin mutane, sai ya sami izinin kwamitin ɗa'a da yardar iyaye, wannan kaɗai yana cin makonni. Masu gwada ganyen zogale ko darbejiya a kan bakteriya su fara kai ganyen ma'adanar tsirrai ta sashe a tantance shi a ba su lamba, su shanya a inuwa, don rana tana lalata sinadarin, su maimaita kowane gwaji sau uku, su auna da'irar da bakteriya ta kasa tsirowa a cikinta da milimita. Idan mutum biyar suna buƙatar sinadari iri ɗaya, su haɗa kuɗi su sayi gwangwani ɗaya, a tsara musu ranakun otokilef a jikin ƙofa.

Makon da muka kare furojet na miƙa wa wakiliyar ajin da ke bin mu abu huɗu: tsofaffin tambayoyi a jere bisa kos, jerin abin da ake sayowa na kowane firaktikal da watan da ake samunsa, lokutan da kowane malami yake zama a ofis, da sunaye da lambobin 'yan ajinmu da suka rage da kari-oba, domin ta saka su a shafukan kos ɗinta tun ranar farko.